Sabon Badun da Babban Asibiti: Kusa a Ƙafa, Nesa ga Majinyaci

Duk wanda ya tashi daga unguwar Sabo ta birnin Ibadan, wanda iyayenmu fatake suka fi sani da Badun, ya ratsa ta mahaɗar Mokola ya miƙe gabas, kafin gumi ya jiƙa masa riga zai tarar da kansa a ƙofar Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ibadan. Tafiya ce wadda ba ta kai sa'a guda a ƙafa ba, a kan babur kuwa 'yan mintoci ne. Mutane kan yi sammako daga garuruwa masu nisa su zo neman magani a wurin, alhali ga Bahaushen Sabo asibitin nan maƙwabcinsa ne. Sai dai kuma a kan cututtuka biyu da ke ƙara yawa cikin jama'armu, watau ciwon daji da ciwon zuciya, kusancin gida da asibiti bai cika yin tasiri ba. Abin da ke raba mai tashi da mai kwantawa shi ne ranar da aka fara zuwa, da kuma ko an iya jurewa har ƙarshen magani.

Sabo dai ta girmi asibitin da shekara 41. A 1916 aka keɓe wa Hausawa wannan wuri, bayan jirgin ƙasa ya haɗa Ikko da Kano, fataucin goro da shanu ya buɗe. Wani Bature masanin zamantakewa, Abner Cohen, ya zauna cikin unguwar a 1962 da 1963, ya ƙidaya Hausawa fiye da dubu 4, ya kuma bayyana cikin littafinsa na 1969 yadda kasuwancinsu duka ya rataya a wuyan masu gida. Baƙo ya zo da shanunsa daga Arewa, mai gida ya sauke shi, ya ciyar da shi, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa har mahautan gari su biya bashi. Yau kasuwar shanu ta koma bayan gari, an fi sanin Sabo da 'yan canji da masu tsire da teloli, amma har yanzu ita ce masaukin Bahaushe a Jihar Oyo. Mai karatu ya riƙe zancen nan na masu gida, don yana da alaƙa da jinya.

Asibitin kuwa an buɗe shi ran 20 ga Nuwamba 1957 da gadaje 500, shi ne asibitin koyarwa na farko a Nijeriya. Kafin a gama gininsa ɗaliban likita a asibitin Adeoyo suke koyon aiki. Shekara 3 da buɗe shi, watau a 1960, Farfesa Edington ya kafa rajistar ciwon daji, inda ake rubuta duk wanda aka tabbatar yana da cutar cikin mazauna birnin. Ita ce ta farko a ƙasar nan, kuma alƙalumanta sun shiga kundin farko na ƙididdigar ciwon daji ta duniya da aka buga a 1966. Kafin wannan lokaci akwai masu cewa baƙar fata ba ya ciwon daji, cutar Turawa ce. Rajistar Badun tana cikin abubuwan da suka kashe bakin wannan magana.

Wannan littafi na rajista shi ya nuna mana yadda cutar ta sāke kama. A shekarun 1960 sankarar bakin mahaifa ita ce kan gaba wajen mata, wajen maza kuwa ta hanta tana cikin waɗanda aka fi gani. Yau sankarar mama ta sha gaban kowace, har adadin da ake samu cikin kowace mace dubu 100 a Badun ya ninka na da fiye da sau 3. Wajen maza kuma wadda ta ɗare gaba ita ce ta ƙululun nan da ke ƙarƙashin mafitsara, wanda in ya kumbura yake hana dattijo fitsari. A ƙasa baki ɗaya, hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke Lyon ta Faransa ta ƙiyasta cewa a 1 shekara tak, 2022, an sami sababbin masu cutar fiye da dubu 127 a Nijeriya, kusan dubu 80 kuma suka riga mu gidan gaskiya ta dalilinta.

Ciwon da allura ta narkar

In ana neman shaidar cewa daji yana jin magani, a Badun ɗin aka samo ɗaya daga cikin shaidu na farko a duniya. Akwai wani irin ciwo da ke kama yara, yawanci 'yan shekara 5 zuwa 10, ya kumbura musu muƙamuƙi ko ciki cikin 'yan makonni, haƙora su yi ta girgiɗa, ido ya turo waje. Likita Denis Burkitt ya fara bayyana shi a Uganda a 1958, shi ya sa ake kiran ciwon da sunansa. Daga baya aka gane yana bin wuraren da zazzaɓin cizon sauro ya yi katutu, yana kuma da hannun wata ƙwayar cuta da aka gano a Landan a 1964. A 1963 wani masani mai suna Pulvertaft ya yi nasarar raya ƙwayoyin wannan ciwo cikin kwalba a ɗakin gwaji na Badun, kuma zuriyarsu har gobe ana bincike da su a ƙasashen duniya.

Wanda ya fi yin suna a wannan fage shi ne Farfesa Victor Anomah Ngu, mutumin Kamaru, likitan fiɗa a asibitin. Shi da 'yan uwansa na Kampala da Nairobi suka riƙa gwada magungunan kashe ƙwayoyin daji a kan waɗannan yara, sai ga kumburin da wuƙa ta kasa yana sacewa cikin kwanaki, wasu yaran ma suka warke sarai. A 1972 aka ba shi lambar yabo ta Lasker a Amurka saboda wannan aiki, daga baya ya zama Ministan Lafiya a ƙasarsu. Abin takaici shi ne, ƙasashen da suka koyi darasin daga Afirka sun wuce mu fintinkau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu arziki yara fiye da 80 cikin 100 masu ciwon daji suna warkewa, a yawancin ƙasashe matalauta kuwa ba su kai 30 ba. Maganin iri ɗaya ne. Bambancin yana wajen makara, da rashin jini da magungunan kashe ƙwayoyin cuta lokacin da jikin yaro ya yi rauni, da kuma iyayen da kan ɗauke ɗansu da zarar kumburi ya sauka, ko aljihu ya ƙare, ba a kai rabin zagayen allura ba.

To, a nan ne muka iso ga wata magana da kowane Bahaushe ya taɓa ji, a Sabo ne ko a Kano: wai daji ba ya son allura, ba ya son ƙarfe, in an taɓa shi sai ya fusata. Kada mai karatu ya yi saurin yi wa masu wannan magana dariya, don abin da idonsu ya gani suke faɗa. Mace ta ji ƙullutu a mamanta, ba zafi ba raɗaɗi, sai ta yi shiru saboda kunya. Wata 6 ya wuce, a fara shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, wani lokaci a kira wanzami ya yi tsaga. Sai ya fashe ya fara wari, hammata ta kumbura, baya ya riƙe, sa'an nan a ɗauke ta zuwa asibiti. Likita ya yi abin da zai iya, bayan 'yan watanni ta cika. 'Yan unguwa kuwa abin da suka shaida shi ne an kai ta tana tafiya da ƙafarta, an yi mata allura, ta mutu. Ba su ga cewa tun kafin ta taka ƙofar asibiti cutar ta riga ta sauka a hanta da ƙashi ba. Wadda aka yi wa aiki da wuri ta warke kuma ba ta shela, don ba mai son a san an cire mata mama. Ta haka labarin mutuwa ke yawo, na warkewa yana ɗaki a rufe.

Binciken asibitocin Nijeriya ya sha nuna cewa mata 7 cikin 10, ko fiye, ba sa zuwa sai sankarar mama ta kai mataki na 3 ko na 4. Sakamakon haka ya fito fili cikin wani babban bincike da aka buga a 2020, wanda ya bi sawun mata a ƙasashe 5 na Afirka. Cikin matan Nijeriya da aka bi, a Aba da Owerri, kashi 36 cikin 100 kacal ke raye bayan shekara 3 da gano cutar, alhali Turawan Namibiya kashi 90 ne. Akwai kuma wani dalili da ya sa jinkiri ya fi yi mana illa. Tun 1998 Farfesa Olufunmilayo Olopade ta Jami'ar Chicago, wadda a Badun ta yi karatun likita, take bincike tare da likitocin asibitin, suka kuma gano cewa irin sankarar da ke saurin yaɗuwa, wadda ba ta jin ƙwayoyin nan na danne sinadarin mace, ta fi yawa cikin matanmu bisa ga Turawa, tana kuma kama su da sauran ƙuruciyarsu.

Maganin kansa ba sirri ba ne. Da farko a ɗebi ɗan nama daga ƙullutun a kai ɗakin gwaji, don ba kowane ƙullutu ne daji ba, yawancinsu ma ba shi ba ne. In an tabbatar, sai fiɗa, da allurar kashe ƙwayoyin daji wadda akan yi zagaye 6 ko 8, mako 3 tsakanin kowane biyu, sa'an nan gashi da na'ura in akwai bukata. Asibitin Badun ya fara gashi a 1987, bayan na Ikko. Sai dai na'urorin gashi a ƙasar nan ba su taka kara sun karya ba in aka dubi yawan jama'a, kuma sun sha lalacewa, har majinyaci ya yi ta bulayi daga wannan jiha zuwa waccan. Wata mace da aka yi wa jinyar sankarar mama a asibitin a 1997, Betty Anyanwu-Akeredolu, ta warke ta kafa ƙungiyar yaƙi da cutar a Badun a wannan shekara, daga baya ta zama matar Gwamnan Ondo. Irinta ne muke da ƙarancinsu cikin Hausawa, watau wadda za ta fito fili ta ce an yi mini aiki, ga ni kuwa da raina.

Zuciya

Ciwon zuciya shi ba ya fashewa ya yi wari, shi ya sa ya fi daji iya ɓuya. Wanda ya fi damun mutanenmu shi ne gazawar zuciya, inda takan gaji ta kasa tura jini yadda ya kamata. Alamominsa haki in an ɗan yi tafiya, kumburin ƙafa da ciki, tari da dare, da kasa kwanciya sai an tara matasan kai. Wani bincike da aka buga a 2012, wanda ya haɗa majinyata fiye da 1,000 daga ƙasashen Afirka 9 har da Nijeriya, ya nuna cewa matsakaicin shekarunsu 52 ne, watau magidanta masu ciyar da iyali, ba tsofaffi tukuf kamar na Turai ba. Hawan jini shi ne babban sanadi, kuma kusan 1 cikin 6 bai ƙara wata 6 a duniya ba bayan an kwantar da shi.

Tun 1972 Farfesa Oladipo Akinkugbe na Badun ya buga littafi sukutum a kan hawan jinin baƙar fata. Magajinsa a wannan gida, Farfesa Mayowa Owolabi, ya jagoranci bincike kan shanyewar ɓarin jiki a Nijeriya da Ghana, har da asibitocin Kano da Zariya, wanda sakamakonsa na 2018 ya ɗora wa hawan jini alhakin kusan 9 cikin 10 na wannan masifa. A 2019 kuma Dakta Dike Ojji na Abuja da abokan aikinsa a ƙasashe 6 suka tantance irin haɗin ƙwayoyi biyu da ya fi sauke jinin baƙar fata. Ke nan sani akwai shi, maganin ma yana cikin masu araha. Matsalar ita ce hawan jini ba ya ciwo, kuma maganinsa ba a gama shi. Ɗan kasuwa ya sha na wata guda, ya ji garau, ya ajiye. In jiki ya yi tsami ya sayi ƙwayar ciwon gaɓoɓi wurin mai tallan magani a faranti, alhali irin waɗannan ƙwayoyi suna tara ruwa a jiki, suna kuma taɓa ƙoda. Ga gishiri da ɗanɗanon dunƙule da ake zabgawa a miya da yajin tsire.

Akwai wani nau'in gazawar zuciya da sunan Hausawa ya shiga littattafan likita na duniya saboda shi, shi ne wanda ke kama mai jego. Farfesa Eldryd Parry, wanda ya fara aikinsa na Afirka a Badun kafin ya koma Zariya, shi da Dakta Davidson suka rubuta a shekarun 1970 cewa matan Zariya suna kamuwa da shi fiye da ko'ina da aka sani. Suka zargi wankan jego da tafasasshen ruwa, da kwanciya kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta, da kunun kanwa. Shekara da shekaru wannan bayani ake koya wa ɗalibai. Amma da Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Malam Aminu Kano ya jagoranci sabon bincike a asibitoci 22 na ƙasar nan, wanda aka buga a 2020, sai hoton ya ɗan sauya. Cutar dai har yanzu ta fi yawa a Arewa maso Yamma, a wani asibitin Kano ma takan kai 1 cikin haihuwa 96. Sai dai abin da ya fi tafiya tare da ita shi ne rama, da rashin karatun boko, da rashin sana'a, da hawan jinin masu ciki. Watau talauci ya fi ruwan zafi laifi. Wannan ba izini ba ne a ci gaba da ɗura wa mai kumburi kanwa, don kanwa gishiri ce, gishiri kuwa ruwa yake tarawa. Cikin matan da aka bi sawunsu kusan 1 cikin 5 ta rasu kafin shekara 2, waɗanda zuciyarsu ta koma daidai kuma ba su kai 1 cikin 4 ba. Mai jegon da ke Sabo 'yar wannan al'ada ce, in ta fara haki da kumburi ba a jira sai an yi arba'in.

Fiɗar zuciya kuwa, wadda ake bukata in ƙofofin zuciya sun lalace, an fara ta a Nijeriya a Enugu a 1974, Badun ta biyo baya a 1978. Tsadarta ta fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba. Abin haushin shi ne yawancin lalacewar nan daga ciwon maƙogwaro take farawa tun ana yaro, wanda allurar fenisilin ke kashewa.

In an haɗa biyu

Abin da likitoci ke ƙara cin karo da shi yanzu shi ne mutumin da ya daɗe da hawan jini ko raunin zuciya, sai kuma ga sabon ciwon daji ya ɓullo masa. Ba abin mamaki ba ne, tun da shekaru da taba da ƙiba da ciwon sukari duk suna share wa cututtukan biyu hanya. Amma jinyar irin wannan mutum sai da lura, domin maganin ɗaya yakan taɓa ɗaya. Jar allurar nan da ake kira doxorubicin, wadda ita ce ginshiƙin maganin sankarar mama da wasu cututtukan jini, tana raunana naman zuciya, kuma illarta taruwa take yi, shi ya sa akwai iyakar abin da za a ba mutum duk tsawon ransa. Trastuzumab, mai tsadar gaske, ita ma takan rage ƙarfin bugun zuciya, ko da yake sau da yawa yakan dawo in an dakata. Gashin mama ta hagu yana iya lasar zuciyar da ke bayanta. Maganin da ake danne sinadarin namiji da shi don sankarar ƙululun mafitsara yana ƙara ƙiba da sukari. Wanda kuma ke shan maganin tsinka jini, in ba a sani ba aka shiga da shi fiɗa, jini na iya ƙin tsayawa.

Don haka ƙa'ida ita ce a ɗauki hoton zuciya kafin a fara irin waɗannan allurai, a kuma maimaita a tsakiya. In an ga rauni ba a cewa a bar daji ya ci karensa ba babbaka. Akan sāke magani, ko a rage, ko a haɗa da ƙwayoyin kare zuciya, likitan daji da na zuciya su riƙa duba mutum tare. Amfanin babban asibiti ke nan, dukansu biyu suna ƙarƙashin rufi ɗaya. Amma likita ba boka ba ne. Matar da ta yi kumburin jego shekara 10 da suka wuce a ƙauyensu, ta warware, yanzu ta zo da ƙullutu a mama, in ba ta faɗa ba wa zai sani? A nan harshe yake zama rai ko mutuwa. Haifaffen Sabo yana jin Yarbanci kamar ɗan gari, amma baƙon da ya zo ci-rani, da amaryar da aka kawo daga Arewa bara, da tsohuwar da ba ta fita, su sai da tafinta. Tafintan kuwa sau da yawa miji ne ko ɗa, wanda mace ba za ta iya zancen jinin da ke zubo mata ba a gabansa.

Sa'an nan ga kuɗi. Fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa kan lafiya a Nijeriya daga aljihun majinyaci yake fita. Gwamnatin Tarayya ta buɗe wani asusun tallafa wa marasa galihu masu sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta ƙululun mafitsara a 2021, kuma asibitin Badun da na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika suna cikin 6 na farko da aka fara da su. Ta hannun asibitin da ke jinyar mutum ake neman shiga. A 2022 aka sa hannu kan dokar da ta wajabta inshorar lafiya ga kowa, Jihar Oyo ma tana da tata hukumar. Duk wannan bai kai ga rufe ramin ba tukuna, amma wanda bai tambaya ba ko ɗan abin da ke akwai ba zai samu ba.

A ganina Sabo tana da wani makami da unguwanni da yawa ba su da shi. Mutanen da suka iya sayar da garken shanu bashi a garin da ba nasu ba, ba takarda ba sa hannu, sai amanar mai gida, ba za su kasa tsara jinya ba. Karo-karo dai ana yi, ba wanda zai ce Hausawan Sabo ba sa taimakon juna. Sai dai gidauniyar takan zo ne a ƙarshe, lokacin da majinyaci ya galabaita, ta tafi a kuɗin mota. Da a ce kuɗin gwajin farko ake fara tarawa, da kowane mai gida ya san ranar da likitan zuciya ke zama da ranar na daji kamar yadda ya san ranar kasuwa, da akwai mata biyu ko uku masu jin harsuna da za su riƙa raka 'yan uwansu mata, da lissafin ya canza. Awon jini a ƙofar masallaci bayan Juma'a ba ya bukatar komai sai na'ura ɗaya da ma'aikacin lafiya ɗaya. Malaman unguwa kuwa, waɗanda tun zamanin Cohen har Yarabawa ke zuwa neman addu'arsu, kalma ɗaya daga bakinsu cewa a haɗa addu'a da asibiti ta fi shelar rediyo ta wata guda.

Rigakafi ma yana nan ga mai so. Tun 2004 allurar ciwon hanta mai kai wa ga sankarar hanta ta shiga jerin alluran jarirai, a watan Oktoba 2023 kuma aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 allurar kare sankarar bakin mahaifa kyauta. Cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa da ƙasa da ke Badun ta fito da Aflasafe, wanda manomi ke watsawa a gona don rage dafin fumfunar gyaɗa da masara, dafin da shi ma yake cin hanta.

Saura zancen komawa gida. Al'adar baƙo ce in ciwo ya yi tsanani a ce a mai da shi cikin danginsa, kuma ba mai ganin laifin wanda ke son ya cika a gaban mahaifiyarsa. Amma sau da yawa a tsakiyar magani ake tafiyar, a sa mutum a motar dare ba ko takarda, can a sāke komai daga farko, ko a bar shi haka nan. Akwai likitocin daji da na zuciya a Shika da Kano da Sakkwato, an kuma kafa na'urar gashi a Shika da Sakkwato. Wanda zai tafi ya nemi takardar miƙawa daga likitansa, da sakamakon gwajin nama, da hoton zuciya, da lissafin alluran da aka riga aka yi masa da yawan kowace, musamman jar allurar nan mai iyaka. Wanda kuma cutarsa ta wuce warkewa, asibitin Badun yana da sashen rage raɗaɗi da aka buɗe a 2007 bisa ƙoƙarin Farfesa Olaitan Soyannwo da abokan aikinta, inda ake ba da ruwan mofin na sha, a kuma koya wa iyali yadda ake wanke gyambo da juya mai jinya. Kafin a hau mota ya kamata a bi ta nan, a tambayi likita asibitin da za a ci gaba da karɓar maganin a can gida.